Shekarar da Baba Ya Haɗe Masu Gadi

Aikin ido ne ya kawo Baba Doha. Yanar ido ce ta rufe masa idon dama, ni kuma na nace sai a nan za a cire ta, inda nake aikin likita, in ga komai da idona. Mama ta zauna a gida saboda ƙanwata tana gab da haihuwa. An yi aiki lafiya, ido ya buɗe tar, har Baba ya fara ɗaure tsarabarsa ta dabino da turare. Sai korona ta zo, jirage suka tsaya. Ya kwance kayansa ya mayar cikin durowa.

Muna zaune a Abu Hamour, ba nisa da kasuwar kayan gwari, a cikin rukunin gidaje mai katanga da ƙofa da masu gadi. Jikin katangarmu akwai wani rukunin irin namu sak, fenti ɗaya, tagogi iri ɗaya, mai su ma ɗaya ne. Amma kowane da ƙofarsa, da masu gadinsa, da motar sintirinsa, da motar kwasar shararsa. Mun yi shekaru a wurin ban san kowa a can ba, sai dai muryoyin yaransu da ƙwallon da takan faɗo mana.

Watannin farko sun yi wa Baba nauyi. An rufe masallatai, ladan yana cewa kowa ya yi salla a gidansa, shi kuwa mutum ne da bai saba salla shi kaɗai ba. Ni ina asibiti yini guda, in na dawo sai in wuce ɗakin baya ba tare da na taɓa kowa ba. Gaisuwarmu daga nesa ce, yana kan kujera a bakin ƙofar falo, ina tsaye a tsakar gida.

"Uwata, an dawo?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"An dawo, Baba. Yaya idon?"

"Ido ya warke. Abin kallon ne babu."

Baba tsohon sakataren ƙaramar hukuma ne. A garinmu ƙananan hukumomi biyu ne, ta birni da ta kewaye, kuma sakatariyoyinsu suna kusa da juna har masinja da ƙafa yake kai saƙo. Tun muna yara muke jin ƙorafinsa a kansu. Kowace tana da motar shara da rabin shekara take yi a gareji. Kowace tana da 'yan sintirinta da caji ofis ɗinta. Ɓarawo zai saci akuya a kasuwar kewaye, da ya tsallake kwalbati ya shiga birni sai masu binsa su tsaya, wai ba huruminsu ba ne. Baba ya yi shekaru yana roƙon a haɗa ayyukan wuri ɗaya, a rage kashe kuɗi a banza. "Ban ce a tsige kowa ba," yakan ce. "Ciyaman ya riƙe kujerarsa. Gareji dai ya zama ɗaya, 'yan sintiri su san juna." Har ya yi ritaya ba a yi ba. Da ya fara wannan zance mukan sulale ɗaya bayan ɗaya, Mama kuma ta ce, "Malam ya buɗe karatu."

Bayan ƙaramar Salla sai saƙo ya shigo guruf ɗin waya na mazauna. Mutane da yawa sun bar ƙasar, gidaje sun zama wayam a ɓangarorin biyu, don haka manaja ya ce za a haɗe rukunan biyu: ƙofa ɗaya, masu gadi ɗaya, motar shara ɗaya. Guruf ya kama da wuta. Namu suna cewa ba za a rufe mana ƙofa ba, nasu suna cewa yaranmu sun cika hayaniya. Maigidana, wanda injiniya ne kuma ba mai yawan magana ba, shi ma sai da ya rubuta dogon saƙo na ƙin yarda. Da yamma yana karanta mana martanin mutane yana tsaki, sai Baba ya gyara zama.

"Injiniya, sake karanta min na farkon."

Ya sake karantawa. Na ga fuskar Baba ta canza, kamar wanda aka ce masa an buɗe filin jirgi.

"A ina ofishin manajan nan yake?"

Washegari ya sa babbar riga da hula da takunkumi, ya tafi. Manajan mutumin Sudan ne, dogo, mai fara'a, amma a kwanakin nan ya gaji da zagi a waya. Maigidana ne ya raka Baba, shi ya ba ni labari. Wai Baba ya yi sallama ya fara magana da Larabcin da ya koya a zauren malaminsa, Larabcin littattafan fiƙihu, har da wasulla a ƙarshen kowace kalma. Manaja ya miƙe tsaye yana dariyar jin daɗi, yana cewa rabon da ya ji irin wannan Larabci tun kakansa na da rai. Ya aika aka kawo shayin karak, mai madara da kayan ƙanshi. Baba ya gaya masa cewa abin da yake son yi daidai ne, amma ta inda ya fara ne ba daidai ba.

"Ka sanar da mutane kafin ka zauna da masu gadi," in ji Baba. "Su ne za su tsaya a ƙofar. In ba su shirya da juna ba, ko ka rufe ƙofa ɗaya, ƙofa biyu kake da ita."

Manaja ya ce, "Ya shaihi, to ka taimake ni."

Abin da Baba yake jira ke nan tun kafin a haife ni.

Shugaban masu gadinmu mutumin Ghana ne, ɗan zangon Kumasi, ƙato mai murya, kowa yana kiransa Oga. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne. Tun zuwan Baba suka saba, don shi kaɗai ne a waje da zai ce masa "ina kwana". Shugaban na can kuwa mutumin Nepal ne, tsohon soja, gajere, takalminsa kullum yana ƙyalli, kuma ba ya faɗin kalma biyu in ɗaya ta isa. Baba ya fara da Oga. Na gan su ta taga da sassafe, kafin rana ta yi zafi, a kan kujerun roba da tazara a tsakaninsu.

"Alaji, ni ba zan yi aiki ƙarƙashin shi ba," Oga yana cewa. "Ƙofa nan, ni na buɗe shi ranar farko."

"Na ji. Me ya fi ka iyawa?"

Oga ya sosa ƙeya. "Tsarin aiki. Yaran shi ba su latti."

"Kai me ka fi shi?"

"Ni na san kowa. Na san motan kowa, na san baƙon kowa."

"To ai kun gama rabawa da kanku," in ji Baba.

Ba haka nan da nan abin ya tafi ba. An yi makonni Baba yana zagayawa ta titi zuwa ɗaya ƙofar, yana dawowa jiƙe da gumi, ni kuma ina faɗa daga nesa cewa mai shekarunsa bai kamata ya yi ta yawo cikin annoba ba. Sai ya ɗaga min kwalbar man wanke hannu da ke aljihunsa, ya wuce. Abincinsa ya ƙaru. Ya daina barcin hantsi. In Mama ta kira sai ya ce mata yana da mitin, ta kira anjima.

"Mitin da wa?" ta tambaye ni. "Uwar ɗakina, me kuka ba mahaifinku?"

Wadda ta fi kowa zafi a ɓangaren can wata nas ce, 'yar Filato, Kirista, da ke aiki a sashen masu korona na wani asibiti. Kowa Sista yake ce mata. Ranar da aka kira ɗan taro a inuwar wurin ajiye motoci, mutane kaɗan daga kowane ɓangare, ta zo kai tsaye daga aiki, shatin takunkumi a kumatunta. Ranar ina hutu, na tsaya a gefe. Ta fara da Turanci, da ta ga hular Baba sai ta juya Hausa.

"Baba, da girmanka za a haɗa kai da kai a kori bayin Allah? Na san irin wannan haɗewa. Yau a ce tsimi, gobe a ba mutum tikitin komawa gida. Mutanen nan su ke buɗe min ƙofa in na dawo ba na ko iya ɗaga hannu."

Na ɗauka Baba zai ji haushi. Sai ya ce, "'Yata, matso da kujerarki nan. Ke nake nema tun da aka fara."

Su biyu suka sa manaja a tsakiya. Baba ya nuna masa cewa tsimin yana cikin motar sintiri ɗaya maimakon biyu, ofis ɗaya, kwangilar shara ɗaya, motar makaranta ɗaya idan an koma karatu. Sista kuma ta ce in aka sallami ko mutum ɗaya, ita da kanta za ta bi gida gida ta tara sa hannun mutane. Manaja ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Khalas, khalas," wato shi ke nan, ya yarda. Ba a sallami kowa ba. Amma an mayar da wasu kaɗan wani rukunin na mai gidajen a Mu'aither, cikinsu har da wani ɗan Uganda da kullum yake sara wa 'ya'yana kamar manyan sojoji. Ƙaramarsu ta yi kuka ranar da ya zo sallama. Baba ma bai ji daɗi ba, ya ce ya so a ce ya iya hana wannan.

Saura batun ƙofa. Nan ne Baba ya ɓata wa mutanenmu rai, don ya ce tamu za a rufe. Ta can ita ke kallon babban titi, motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana za ta fi saurin samunta. Maigidana ba ya iya musu da surukinsa, sai ya zo wurina.

"Ki yi wa Baba magana mana. A gidanmu yake zaune, amma ya ba su ƙofa."

Na ce, "Kai ka raka shi ofishin manaja."

A madadin ƙofar, aka ce kowa zai sa kakin ɓangarenmu, mai ruwan bula. Mutumin Nepal ya riƙe tsarin aiki da horo, Oga ya riƙe ƙofa da hulɗa da mutane. Wa ke sama da wani? Baba ya ƙi yarda a rubuta. Ya ce su biyun su riƙa shiga wurin manaja tare.

Ranar da aka fasa katanga, da safe ne. Ma'aikata suka zo da guduma da injin yanka bulo, yara suka taru nesa kaɗan, iyaye suna ta jan su baya. Da ƙura ta lafa sai ga titin can ya bayyana, irin namu, har da bishiyoyi iri ɗaya, kamar mutum ya leƙa madubi. Kowa ya tsaya yana kallon kowa. Mutumin Nepal ya tako ya tsaya a bakin gurbin cikin sabon kakinsa, ya ƙame ya sara wa Oga. Oga ya rikice, ya sara da hannun hagu, aka fashe da dariya ta bayan takunkumi. Sai ga Sista da kula a hannu, ta tsallako kan ɓaraguzan bulo ta ajiye a gaban Baba.

"Gwaten acca ne, Baba. Ba sukari, ba mai da yawa, kada likita ta kama ni."

Baba ya ci gwaten nan a tsakar gida, ya kira Mama ta bidiyo ya nuna mata gurbin katangar ta kowace kusurwa. Ta ce, "To Malam, Allah ya cika maka buri. Ko da yake a ƙasar mutane."

Makon farko an sha rikici. Masu kawo saƙo a babur suna ta ɓata, motar shara ta manta da layinmu sau biyu. Maigidana kuwa kullum in ya dawo aiki sai hannunsa ya kai shi tsohuwar ƙofa, ya tarar da ita a rufe, ya yi ribas. Baba yakan zauna daidai lokacin a inda zai hango shi, in ya shigo ya ce, "Injiniya, yau ma an gaida tsohuwa?" Daga baya komai ya daidaita. Ni da Sista muka fara tafiya aiki a mota ɗaya in lokacinmu ya zo daidai, kuma a hanya ne muke faɗa wa juna abubuwan da ba ma iya faɗa a gida, na waɗanda muka rasa a asibiti da waɗanda suka tashi.

Da aka buɗe hanya bayan babbar Salla, Baba ya koma gida. Masu gadi suka jeru a ƙofa, duk cikin ruwan bula, motarmu ta wuce a tsakaninsu a hankali.

Ya dawo lokacin gasar cin kofin duniya, wannan karon tare da Mama. Annoba ta lafa, an ajiye takunkumi, na rungume shi a filin jirgi yadda ban samu yi ba a wancan zaman. Abin da ya fara tambaya a mota shi ne ko su Oga suna shiri da juna. Na ce ya bari ya gani.

Filin da ke bayan tsohuwar ƙofarmu, tun da mota ta daina bi, ya zama dandali. An shimfiɗa kafet, an kafa babban allo, ɗakin masu gadi na da ya koma wurin dafa shayi. Kowace yamma mutane suna fitowa da kujerunsu da abincinsu, 'yan Masar da 'yan Indiya da 'yan Filifin da mu, har ba ka iya tuna wa ke ɓangaren wa. Najeriya ba ta samu zuwa gasar ba, don haka duk wata ƙasar Afirka da ta shiga fili tamu ce. Mama da Sista suka ƙulle tun ranar farko. Mama ba ta san komai a ƙwallo ba, amma ta fi kowa ihu, kuma sau da yawa sai Sista ta taɓa ta ta ce, "Mama, wannan mu aka ci."

Wata rana muka kai su Mushairib a jirgin ƙasa don su ga taro. Tashar cike take da mutane masu tutoci da ganguna, kowa yana waƙa da harshensa. Mama tana kallon kayan da mutane suka sa, Baba kuwa jami'an tsaro yake kallo. Ya lura ba daga ƙasa ɗaya suka fito ba, amma hannu ɗaya ke juya su, wannan ya nuna hanya, wancan ya tare, babu mai cewa nan ba wurinsa ba ne. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya yana bin su da ido, mutane suna kauce masa. Wani jami'i ya yi masa nuni ya wuce, yana cewa, "Yalla, ya hajji, yalla." Mama ta ja hannun rigarsa.

"Malam, kallon ƙwallo aka kawo ka, ba duba ma'aikata ba."

Ranar da Ghana za ta kara da Koriya, maigidana yana da tikiti biyu, ɗaya nasa ɗaya na Baba. Da safe Baba ya ce shi gwiwarsa ba za ta iya matakalar filin wasa ba, a ba Oga. Na san gwiwarsa lafiya lau take. Matsalar ita ce Oga yana kan aiki ranar. Ya zo yana murza hannu, yana cewa ba zai iya roƙon a canza masa ba, don ya riga ya karɓi hutunsa na mako. Muna cikin haka sai ga mutumin Nepal ya zo wucewa. Ya dubi Oga, ya ce da guntun Turancinsa, tun makon jiya ya sa kansa a ƙofa yau. Ya ɗauka ko a allo ne Oga zai so ya kalli ƙasarsa. Ya juya ya tafi abinsa.

Oga ya tafi filin wasa da maigidana, ya yafa tuta har ƙasa. Mu muka taru a dandali bayan la'asar. Baba kuwa ya ɗauki kujerarsa ya tafi ƙofa ya zauna kusa da mutumin Nepal, wai kada a bar shi shi kaɗai. Suna da ƙaramar waya a jingine da kofin shayi, suna kallo. Na kai musu ƙosai a tsakiyar wasa, na tarar idonsu na kan wayar, in ƙwallo ta kusa raga sai su dafa gwiwar juna.

Wasan ya ɗaga mana hankali. Ghana ta ci biyu, muka tashi muna rawa, sai Koriya ta farke duka biyun cikin ɗan lokaci, dandali ya yi tsit. Mama ta rufe fuska da mayafi tana salati. Da Ghana ta ci ta uku, wani likita ɗan Masar da ban taɓa jin muryarsa ba ya hau kan kujera, kujerar ta karye da shi, ya tashi yana ci gaba da ihu.

Ana idar da sallar isha'i suka dawo. Tun daga titi muke jin hon. Oga ya diro daga mota kafin ta gama tsayawa, muryarsa ta dishe, ya sunkuci mutumin Nepal ya ɗora a kafaɗa ya yi ta zagaye da shi. Tsohon sojan nan yana riƙe da hularsa da hannu ɗaya, yana dariya har haƙoransa duka a waje, abin da ba wanda ya taɓa gani. Da ya sauke shi sai ya nufi Baba.

"Alaji, saura kai!"

"Kai, kai, Oga, ni da girmana!"

Kafin ya rufe baki an ɗaga shi sama, babbar riga tana lilo, yara suna biye suna tafi. Mama ta taso da gudu tana cewa, "Ku sauke min miji! Wallahi ku sauke shi, bai daɗe da warkewa daga ciwon baya ba!" Baba yana sama yana dariya har da tari, yana ce mata ta bar su.

Da aka sauke shi Sista ta zaunar da shi ta ɗauko abin awon jini daga jakarta, ta ɗaura masa a hannu. Duk muka tsaya muna jira. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta kalle ni.

"Likita, ya fi naki kyau."

Matar wani ɗan Ghana da ke layin su Sista ta fito da tukunyar shinkafa da wake da baƙin yajinsu, aka zuba a faranti babba. Baba ya wanke hannu ya zauna a kafet tsakanin shugabannin gadin biyu. Yajin ya fi ƙarfinsa, hawaye suna zuba, amma ya ƙi tsame hannu. Mama ta miƙa masa ruwa, ta ce gobe in cikinsa ya ɓaci kada ya kira sunanta.